Rinin Shikoku da Rijiyar Mahaifinmu

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku yadda na fara fatauci, na rubuta yadda na sauka Guangzhou da jaka ɗaya ban san ko gaisuwarsu ba, amma duk sanda na zo kan shekarar da na je Japan sai in ajiye biro in ce gwiwata ke ciwo. Gwiwar kam tana ciwo, sai dai ba da ita ake rubutu ba. Amina, ke kika taɓa tambayata a gaban baƙi me ya sa Baffanku Hamisu ba ya ɗaga wayata, na daka miki tsawa har kika yi kuka. Sauranku kuma kun ɗauka rabon gado ne ya raba mu, don haka ake faɗa a Kura. Wallahi ba gado ba ne. Na gaji da jin ana ce wa yayana mai taurin zuciya, shi ya sa zan faɗi abin yadda ya faru.

Mu marina ne, kaka da kakanni. Mahaifinmu yana da rijiyoyin rini shida a bayan gida, a nan ake rina turkuɗi da rawanin nan baƙi mai ƙyalli da Buzaye ke tahowa tun daga Agadas su saya. Idan aka zuba ganyen baba da toka a rijiya, kullum ana motsawa da muciya, akwai rana guda da ruwan yake nuna. Ka riga ranar, zane ya fito fari-fari. Ka wuce ta, ruwan ya fara mutuwa. Ido yana ganin kumfa, hanci yana jin wari, amma harshe ne ke yanke hukunci. Mahaifinmu yakan tsoma yatsa ya ɗora a harshe, sannan ya ce yau ko jibi. Ina ɗan shekara tara ya ba ni in ɗanɗana don wasa, na tofar na ce da saura. Ya dube ni ya dubi Yaya Hamisu.

“Hamisu, kai ke da hannu. Amma harshen gidan nan yana bakin Sani.”

Harshen nan na ɗauka na tafi fatauci da shi. Ranar da zan taho Sin, Yaya ya ciro rawani daga ƙasan adaka, na rinin ƙarshe da mahaifinmu ya yi kafin rasuwarsa, ya ce in riƙa naɗawa ranar Juma'a kada in manta gida. A gefen rawanin akwai ɗigo uku farare, alamar gidanmu, da ake ƙullewa da zare kafin a tsoma. A shekarata ta uku a nan, abokina Alhaji Isufu, ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, ya gan ni da shi bayan masallaci. Ya shafa, shunin ya kama masa yatsa, ya ce, “Sani, ka san abin da ke kanka kuwa?” Muka kai wani kamfanin yadi a wajen Panyu. Lawban ɗin, wato mai kamfanin, ya juya shi ya juya, ya ce meyo, babu. Bayan sati biyu ya kira mu. Sun yi shi. Har zubar da yake yi a jiki sun kwaikwaya, don Buzu ba ya yarda da rawanin da bai shafa masa shuni a goshi ba. Har ɗigon nan uku sai da injin ya buga, don ban tuna in ce a cire ba.

Kwantena ta bi kwantena zuwa Maraɗi. Da kuɗin rawanin nan na yi aure, da shi na sa ku makaranta, ba zan yi muku ƙaryar cewa ban ji daɗinsa ba. A Kura kuwa Buzaye suka fara ɗauke ƙafa. Wata rana wani tsohon mai saye ya kai wa Yaya ɗaya, ya nuna masa ɗigon, ya ce ga naku nan birjik a Maraɗi da araha. Yaya bai kira ni ba, bai aiko da zagi ba. Da ma ya zage ni. Gaisuwar Sallah kawai ta rage tsakaninmu, rijiyoyin kuma suka riƙa bushewa ɗaya bayan ɗaya har saura guda.

To, a shekarar da nake ba ku labari, da kaka, ana gobe za a buɗe babban baje-koli na Pazhou, sai ga saƙon murya daga Yaya. Ina kicin a gidanmu na Panyu, mahaifiyarku Binta tana tuƙa tuwon shinkafa, na danna.

“Sani, ni ne. Mai unguwa ya ce rijiyar da ta yi damina biyu ba a yi rini a cikinta ba, a cike ta, saboda yara da awaki. Ya ba ni zuwa ƙarshen watan gobe. Ina so in zuba. Amma tun ciwon nan da ya zagaye duniya, hancina da harshena suka mutu, ko barkono ba na ji. Na zuba sau biyu, duk sun lalace. Ka zo ka ɗanɗana mini. Idan ka zo, zai ɗaga mana ƙafa.”

Binta ta ajiye muciya ta juyo.

“Alhaji, shekara nawa rabon da ya roƙe ka wani abu?”

Na ce bai taɓa ba.

“To me kake jira?”

Na ce baje-koli, mata. Na ce mutane sun taho tun daga Kano da Yamai suna jiran in raka su wurin kamfanoni. Na mayar masa da saƙo cewa zan aiko da abin da zai ɗauki ma'aikata. Amsarsa gajeriya ce: “Ba kuɗi na tambaye ka ba.” Sai na ce to, ina tafe bayan baje-koli. Wannan “ina tafe” ya ji ta daga bakina a bikin 'yarsa, ya ji ta a rasuwar gwaggonmu. Gaskiyar magana ba baje-koli ya riƙe ni ba. Kunya nake ji in tsaya a bakin rijiyar nan yana kallona.

A baje-kolin na haɗu da Morita, wani dillalin yadi ɗan Japan da muke gaisawa shekara da shekaru. Tun zuwan da ya gabata ya ga rawanina ranar Juma'a, ya nemi izini ya shinshina, ya ce wannan na ganye ne, ba na kwalba ba. Ya ce mahaifiyarsa marina ce a ƙauyensu, a tsibirin Shikoku, kuma ya riga ya aiko mini da takardar gayyata har biza ta fito. Isufu na jin haka ya ja ni gefe. Ya ce shuɗin Japan ya fi kowane shuɗi zurfi, in je in yanko ko da tafin hannu ne, lawban zai yi mana sauran. Sati guda ne kawai, in ji shi, rijiya ba ƙafa gare ta ba. Na lissafa kwanaki na ga zan isa Kura da sauran lokaci. Binta ta haɗa mini kaya, ta raka ni har ƙofa.

“Allah ya kiyaye hanya. Amma hanyar ba ita ce ba, Alhaji.”

Mutumin da ya shekara ashirin yana kutsawa a lungunan kasuwar Baima ta Guangzhou, ana ture shi da amalanken kaya, ana yi masa ihu a kunne, idan ka sauke shi a ƙauyen Shikoku sai shirun ya dame shi. Duwatsu ne masu tsayi, itatuwa sun yi ja sun yi rawaya, ruwa yana gudu a ƙasa garau har kana ganin tsakuwa. Morita mutum ne mai son nuna garinsu, bai bar ni na huta ba. Ya fara kai ni wani tsohon layi na gidajen fataken shuni na da, masu farin bango da baƙin rufi, kowane gida da 'yar katangar da aka ɗaga a gefen soro don tare gobara, wadda daga baya ta zama abin nuna arziki. An share layin tas, an kafa alluna ana bayanin wane ne ya gina wane. 'Yan makaranta suna tafe a jere da littattafai suna rubutawa. Na tsaya ina tunanin gidan kakanmu da aka rushe aka yi wurin wankin babur. A bakin hanya muna wuce masu ziyarar wuraren ibadarsu, sanye da fararen kaya da malafa da sanda, wasu tsofaffi tukuf, suna tafiya a ƙasa daga wannan zuwa wancan. Ban shiga ko ɗaya ba, Morita kuma bai matsa mini ba. Shi ne ma yake duba mini alƙibla a wayarsa, yana tambayar masu abinci ko akwai naman da ba na ci. Kifi gasasshe a tsinke da taliyarsu na yi ta ci har na gaji.

Kashegari ya kai ni wata gada a kan kwazazzabo, wadda aka saƙa da jijiyoyin kurangar daji. Tsakanin katako da katako kana hango ruwa can ƙasa, tana lilo da kai. Ni da gwiwata! Na riƙe igiya ina salati, wasu tsofaffin mata suna bayana suna dariya a hankali don kada in ji kunya. Da muka tsallaka na tambaye shi shekararta nawa. Ya ce gadar ta daɗe ƙwarai, amma kurangar ba ta daɗe ba, don bayan 'yan shekaru sai mutanen ƙauyen su hau dutse su saro sabuwa su sake saƙa ta. Na ce ga gadar siminti can kusa, me ya sa ake wannan wahala? Ya ce idan aka tsallake saƙa sau ɗaya ko biyu, waɗanda suka iya ƙullin za su mutu da shi. Na nemi dutse na zauna.

Abin da ya karya mini zuciya shi ne ƙauyen da muka je da yamma. Muna shiga na ga mutum a gona ya duƙa, na ɗaga masa hannu, bai motsa ba. Na ga wasu uku a zaune a wurin jiran mota. Ashe duk mutum-mutumi ne na tsumma, girman mutum, an sa musu kayan mutane. Na ce a'uzubillahi, na ja baya. Morita ya ce matasa sun tafi birni, tsofaffi suna mutuwa, sai wata mata ta fara ɗinka madadin duk wanda ya tafi, ta zaunar da shi inda ya saba zama. Har makarantar da aka rufe ta cika da su. Ni ban yarda da yin siffar mutum ba, kun sani. Amma na tsaya a gaban wani da aka jingine da sanda a bakin rumfa, na ce a raina, da a Kura ake wannan, da tuni Yaya ya zaunar da nawa a bakin rijiya. Nan take na kira shi. Bai ɗaga ba. Na bar masa saƙo na ce ina tafe, wannan karon da gaske.

A rana ta huɗu muka isa gidan mahaifiyar Morita. Tun daga ƙofa warin ya tare ni, ƙafafuna suka tsaya da kansu. A wata rumfa mai daɓen ƙasa an tara ganyen baba tsibi guda an lulluɓe da tabarmi, yana ruɓewa yana hayaƙi, warin yana sa hawaye. A ciki kuma manyan tuluna ne aka binne a ƙasa har wuya. Toka ce dai irin tamu, sai dusar alkama da suke ƙarawa. Tsohuwar 'yar ƙarama ce, ta haura tamanin, bayanta ya ranƙwafa, hannayenta shuɗi har wuyan hannu, irin na mahaifinmu sak. Tare da ita akwai wata mata da ta ajiye aikin ofis a birni ta zo koyo, da baƙi 'yan yawon buɗe ido da ke biya a ba su ƙyalle su tsoma. Tsohuwar ta buɗe wani tulu da aka zuba kwanan nan, kumfa ta taru a tsakiya tana ƙyalli. Ban san sanda na tsuguna ba, ban nemi izini ba. Na tsoma yatsa na ɗora a harshe. Shekara arba'in rabona da wannan, amma yana nan: kaifin toka a gaba, ɗan zaƙi a baya wanda bai gama fitowa ba.

“Da saura,” na ce wa Morita da Turanci. “Sai jibi.”

Ya fassara mata. Ta dube ni, ta tsoma nata yatsan, ta ɗora a harshe. Sai ta bushe da dariya tana dukan cinyar mai koyon, tana magana da sauri.

“Ta ce ita ma jibi ta faɗa da safe, wannan ta yi mata musu. Ta ce wa ya koya maka?”

Na ce mahaifina. Ta tambayi tulu nawa ne a gidanmu, na ce rijiya ce, saura ɗaya. Ta ce wa ke riƙe da ita? Na ce yayana. Ta sunkuyar da kai kamar yana gabanta, ta ce in gaishe shi, in ce masa ya yi sa'a da yake da ƙane mai harshe. Na ce zai ji. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Sannan ta ce lallai in tsaya zuwa jibi, ni zan fara tsomawa, tunda ni na faɗi ranar. Jirgina na gobe ne. Nan ne inda nake so ku karanta a hankali, don nan ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko. Na san Yaya yana jira. Na san wata ya kusa mutuwa. Amma tun da nake a Sin ba wanda ya taɓa girmama ni don wani abin da na iya, sai don abin da zan saya. Daɗin abin ya shige ni, ina so in ga ko harshena ya faɗi daidai. Na ce kwana biyu ba komai ba ne. Morita ya canza mini tikiti.

Jibin ta zo, ruwan ya nuna daidai. Na tsoma hannu biyu ba safar roba, na murza ƙyallen a ƙarƙashin ruwa yadda ake yi a gidanmu, na ciro shi kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a hannuna. Na yi kuka a gaban baƙin mutane, ni da furfurata. Tsohuwar ta ninke mini wani yadi na rininta ta ba ni da hannu biyu. Almakashin da na taho da shi don aikin Isufu yana aljihuna, ya yi mini nauyi. Yadin nan Isufu bai taɓa ganinsa ba. Da ya tare ni a Guangzhou yana tambaya, na ce masa meyo, ya yi fushi ya daina kula ni har wata shida.

Kwana ɗaya na yi a Panyu na ɗauki jirgin gida. Na sauka Kano ranar Asabar, na ɗauki mota kai tsaye zuwa Kura, ban ko tsaya na wanke fuska ba. Na zagaya bayan gida. Inda rijiyar take, jar ƙasa ce sabuwa an daddaɓe, ga sawun tayar tifa. Ranar Alhamis aka cike ta. Mai unguwa bai yi zalunci ba, har sau biyu ya aiko yana tambaya ko ƙanen ya iso. Yaya ya ji saƙona, amma bai kai masa ba, don ya ce ba zai tsaya gaban mutane da “ina tafe” ta Sani ba. Wa zai ga laifinsa?

Na same shi zaune a kan tabarma a gindin katanga, muciyar rinin tana jingine kusa da shi. Ya tsufa fiye da yadda na zata. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi Binta da ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Na miƙa masa hannu. Na manta cewa shunin bai fita ba, faratuna da layukan tafina duk shuɗi ne. Ya riƙe hannun, ya juya shi, ya daɗe yana kallo. Ya kai shi hanci, ko da yake ba ya jin komai.

“Na ganye ne,” ya ce.

Na ce eh, Yaya.

“Kai ka faɗi ranar?”

Na ce ni ne.

“Ya yi daidai?”

Na ce ya yi.

Ya gyaɗa kai a hankali, ya saki hannun.

“Na san zai yi. Rijiyar wa ka ɗanɗana wa, Sani?”

Na sunkuyar da kai, shi kuma bai sake tambaya ba. Aka kawo fura muka sha, na kwana uku na dawo. Tun daga ranar bai ƙara ɗaga wayata ba, ni kuma ban daina kira duk Juma'a ba. Shunin ya yi wata guda kafin ya bar faratuna, ina kallonsa yana tafiya kaɗan-kaɗan duk sanda na yi alwala.

Rawanin mahaifinmu yana cikin akwatina na ƙarƙashin gado a nan Panyu, tare da yadin tsohuwar. Yadin ku yi yadda kuka ga dama da shi. Rawanin kuwa ba nawa ba ne, aro aka ba ni ban riƙe amana ba. Amina, ke za ki kai wa Baffanku da hannunki, ki durƙusa ki ba shi. Kada ki aika, kada ki jira wani ya tashi zuwa gida. Kuma don Allah kada ki ce masa kina tafe. Ki je kawai.